Sharhi kan OM System Tough TG-7, kyamarar shiga ruwa, da wanda ya dace ya saye ta

Duk wanda ya ce zai sayi kyamara ta musamman domin tafiyar hutu da shiga ruwa, abin da za a fara tambayarsa shi ne me zai yi da ita alhali ga waya a aljihunsa. Masu wannan tambaya suna da hujja, domin manyan wayoyin zamani suna ɗaukar hoto mai kyau, kuma da yawansu suna ɗauke da alamar IP68, wadda ke nufin an gwada su a cikin ruwa. Sai dai gwajin a ruwan daɗi mai tsabta ake yin sa, na ɗan lokaci, kuma ruwan a kwance yake ba ya motsi. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce iPhone 15 tana jure zurfin mita 6 na tsawon minti 30, amma shi da kansa ya gargaɗi masu ita da kada su yi iyo da ita, ya kuma bayyana cewa garantinsa bai ƙunshi ɓarnar da ruwa ya yi ba. Ban da wannan, allon waya ba ya jin taɓin yatsa yadda ya kamata idan ya jiƙe, kuma ita wayar ce ke riƙe da manhajar banki da lambobin jama'a da saƙonnin aiki, ta yadda faɗawarta kogi daga kwale-kwale asara ce da ta wuce kuɗin ƙarfen da gilashin. Saboda haka ne har yanzu irin waɗannan ƙananan kyamarori ke da kasuwa, ko da yake kasuwar ta ragu ƙwarai, tun da Nikon da Fujifilm sun daina fitar da sababbi a wannan fanni.

Wadda ta fi suna a cikin waɗanda suka rage ita ce Tough TG-7, wadda ta fito a watan Satumba na 2023 a kan kimanin dalar Amurka 550. Masu tuna sunan Olympus za su gane zuriyarta, domin kamfanin ne ya daɗe yana ƙera jerin kyamarorin Tough kafin ya sayar da sashensa na kyamara a farkon 2021, aka ci gaba da fitar da kayan da sunan OM System. TG-7 ƙanwar TG-6 ce ta 2019, kuma kamarsu ta kai a ce jiki ɗaya ne aka sake wa suna. Ana samun ta da launin ja ko baƙi, nauyinta giram 249 ne tare da batir da kati, kuma tana shiga aljihun riga ba tare da ta janye shi ba. Ni dai jar na fi ba mutum shawara ya ɗauka, ba don ado ba, sai don ta fi saurin ganuwa idan ta faɗi a cikin ciyawa ko a ƙasan ruwa.

Alƙaluman da kamfanin ya bayar game da ƙarfinta sanannu ne: tana jure zurfin mita 15 a cikin ruwa, da faɗuwa daga tsayin mita 2.1, da dannin nauyin kilo 100, da sanyin digiri 10 ƙasa da sifili, kuma ƙura ba ta shigarta. Ya kamata a karanta kowanne da lura. Mita 15 ya wadaci mai iyo da mai leƙen kifaye daga saman ruwa da gilashin fuska da bututun numfashi, domin da wuya irin wannan mutum ya wuce mita 4 ko 5 da numfashi guda. Amma bai wadaci mai nutso da tukunyar iska ba, tun da takardar shaidar matakin farko ta nutso tana ba mutum damar sauka har mita 18, kuma a kowane mita 10 matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Mai wannan niyya sai ya ƙara kuɗi ya sayi akwatinta na musamman, PT-059, wanda ke kai ta mita 45. Haka nan alkawarin mita 15 na ruwa ne mai natsuwa kuma na kimanin awa guda, bai haɗa da mutum ya yi tsalle daga kan dutse da ita a hannu ba, ko ya tara ta a ƙarƙashin ruwan da ke zubowa da ƙarfi, domin bugun da ruwa ke yi farat ɗaya yana iya wuce matsin da aka auna. Batun sanyi kuwa bai shafi yawancinmu ba, amma batun ƙura ya shafe mu fiye da yadda masu ƙera ta suka yi zato, domin duk mai kyamarar da idonta ke fitowa yana komawa ya san abin da ƙurar hunturu ke yi wa wannan inji. Idon TG-7 ba ya fitowa ko kaɗan, duk motsinsa a cikin jiki yake a bayan gilashi, don haka ƙura ba ta da kafar bi.

Duk wannan ƙarfi ya rataya ne a kan ƙofofi biyu, kuma a nan ne ya kamata mai saye ya fi tsayawa. Ƙofa ɗaya tana ƙasan kyamarar, ita ce ta batir da katin ajiye hotuna, ɗayar kuma tana gefe, tana rufe ramin caji da na haɗawa da talabijin. Kowacce tana da makulli biyu: sai an fara zame wani ɗan ƙaramin maɓalli, sannan babban ya yarda ya motsa, kuma idan ba a kulle da kyau ba ana ganin alama mai launi tana nuna haka. Idan aka buɗe ƙofar aka duba cikinta a haske, za a ga wata siririyar roba ta zagaye bakin. Wannan roba ita ce tsakanin ruwa da injin kyamarar, kuma ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ɗaya da ya kwanta a kanta ya isa ya bar wa ruwa hanya. Mafi yawan kyamarorin irin wannan da ruwa ya kashe, ta nan ya bi. Saboda haka ƙa'idar amfani da ita ba ta da wuya amma ba ta son ganganci: a duba robar a ɗaki kafin a fita, kada a buɗe ƙofa a bakin ruwa ko da jiƙaƙƙen hannu, kuma bayan an fito daga teku a jiƙa kyamarar a bokitin ruwan daɗi na kimanin minti 10 ƙofofinta a kulle, ana ɗan danna maɓallanta domin gishirin da ya shige ƙarƙashinsu ya narke, sannan a goge ta a bar ta ta bushe a inuwa. Gishirin da aka bari ya bushe yana zama ƙanƙara-ƙanƙara, yana cin roba, yana kuma sa maɓalli ya ƙage. Kamfanin yana ba da shawarar a riƙa sauya robobin duk shekara, kuma wannan shawara ce mai sauƙin bi ga wanda ke zaune kusa da wurin gyaran kamfanin, mai wuya ga wanda ke Kano ko Damagaram. Abin da ya rage wa na nesa shi ne ya rage yawan buɗe ƙofofin, ya kuma kiyaye su daga zafi.

Abin da ya bambanta TG-7 da abokan gasarta shi ne idonta. Faɗin ganinsa ya fara daga kwatankwacin milimita 25 zuwa 100, wato yana jawo abu kusa ninki huɗu, abin da ake kira zum, kuma a mafi faɗinsa yana buɗewa har f/2.0. Wannan lamba ita ce mafi muhimmanci a kan kwalin, ta fi adadin megafiksel nesa ba kusa ba, domin ita ke nuna yawan hasken da ke shiga. Idon da ke buɗewa f/2.0 yana shigar da haske kusan ninki uku na wanda ya tsaya a f/3.5, kuma f/3.5 ɗin shi ne iyakar yawancin sauran kyamarorin ruwa. A cikin ruwa haske ne abin da ya fi ƙaranci. Ruwa yana shanye shi tun daga sama, kuma ba ya shanye launuka daidai wa daida: ja ne ke fara ɓacewa, a cikin kimanin mita 5 na farko, sai ruwan lemo da rawaya su bi shi, har ya zama shuɗi da kore kawai suka rage. Shi ya sa hoton kifi mai jan jiki ke fitowa kamar toka. Idan haske ya yi kaɗan, dole kyamara ta daɗe da buɗe ido kafin ta kama hoto, kuma a wannan ɗan lokaci kifin ya motsa, mai ɗauka ma igiyar ruwa ta kaɗa shi, sai hoton ya fito dishi-dishi. Ido mai yalwar haske yana gajarta wannan jira. TG-7 tana kuma da tsare-tsaren daidaita launi guda uku na cikin ruwa, na wuri marar zurfi da na matsakaici da na mai zurfi, waɗanda ke ƙoƙarin mayar da jan da ya ɓata, kuma a mita biyu zuwa uku suna yin aikin da kyau. Ga wanda ya iya gyaran hoto a kwamfuta, tana ajiye hoto a tsarin RAW, wanda ke ba da damar gyara launi daga baya ba tare da hoton ya lalace ba, abin da ba kasafai ake samu a ƙananan kyamarorin ruwa ba.

Akwai kuma wani abu da ruwa ke yi wanda sabon shiga ba ya tsammani. Haske yana karyewa idan ya ratsa daga ruwa zuwa iskar da ke bayan gilashi, sai abu ya bayyana kamar ya fi girmansa da kusan kashi ɗaya cikin uku, faɗin abin da ido ke gani kuma ya ragu. Don haka milimita 25 da ke da faɗi a tudu yana zama matsakaici a ƙarƙashin ruwa, kuma kyamarar da ta fara daga 28 ta ƙara matsewa. Maganin da masu wannan sana'a suka sani shi ne a matso kusa, a bar zum a mafi faɗinsa, domin duk ruwan da ke tsakanin ido da abin ɗauka yana rage kaifi da launi.

Wurin da ya fi nuna alherin wannan kyamara a ƙasarmu shi ne maɓuɓɓugar Wikki da ke gandun dajin Yankari a Jihar Bauci. Ruwan yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa kimanin digiri 31 ne dare da rana, zurfinsa bai wuce mita biyu ba, ƙasansa farin yashi ne, kuma yana da haske har mutum yana ganin yatsun ƙafarsa. Da hantsi, idan rana ta ratso ganyen itatuwan da ke bakin ruwan, haske yana zana layuka masu rawa a kan yashin, kuma idan aka nutsar da kyamarar tsawon hannu aka ɗan karkata ta sama, ana kama yaro yana iyo daga ƙasa, kumfar numfashinsa a jere, saman ruwan kuma yana walƙiya a bayansa. Farin yashin yana mayar da haske sama, don haka fuska ba ta yin duhu. Da zarar an ɗago ta daga ruwa kuwa, ɗigo yakan tsaya a kan gilashin ido, kuma a ƙaramin allo ba a lura da shi sai an dawo masauki a ga tabo a tsakiyar kowace fuska. Hura masa iska da baki ko sake tsoma kyamarar a ɗago ta a hankali yana kawar da shi. Ɗumin Wikki bai kai abin damuwa ba, tun da iyakar zafin da aka ƙayyade mata digiri 40 ne. Abin da ya fi zama barazana a can shi ne gwaggon biri, wanda ba ya barin jaka a bakin ruwa, kuma wannan ma dalili ne na son kyamarar da za a shiga ruwa da ita a ɗaure a hannu.

Sai dai yawancin ruwayenmu ba irin Wikki ba ne, kuma duk wanda ya sayi TG-7 yana mafarkin hoton kifaye a kogin Neja ko madatsar Tiga zai yi baƙin ciki. Ruwan da ke ɗauke da laka ba ya barin ido ya ga abin da ya wuce kamu ɗaya ko biyu, kuma kunna filasha ƙara ɓata lamarin yake yi, domin hasken yana dukan ƙwayoyin lakar da ke gaban ido ya dawo, hoton ya cika da fararen ɗige-ɗige. Babu kyamarar da ke da maganin wannan. A irin waɗannan wurare amfaninta a saman ruwa yake: a cikin kwale-kwalen fito da ruwa ke fantsamowa, a gindin ruwan Gurara a Jihar Neja inda feshi ke jiƙa mutum tun bai ƙarasa ba, ko a tsakiyar ruwan saman Agusta lokacin da kowa ya ɓoye wayarsa a leda. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya kai ga shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016, kogin Matan Fada yakan koma taɓo da zarar dubban masunta sun auka cikinsa da gora da homa, kuma mai TG-7 da ya samu izinin matsowa bakin ruwa zai iya durƙusawa ya ɗauki hoto daga daidai fuskar ruwa, laka na fantsamar masa, ya wanke kyamarar da yamma. Amma wanda ya tsaya can nesa a cikin 'yan kallo zai ga milimita 100 ya yi masa kaɗan ƙwarai, masunta su fito ƙanana. Hoton ƙarƙashin ruwa na gaske sai a Bahar Maliya, ta gefen Jidda ko Fot Sudan ko Sharm el-Sheikh, ko kuma a Zanzibar, inda ruwa ke da haske kuma murjani da kifaye masu launi suke kusa da sama.

Wani abin da ba a saya kyamarar dominsa ba amma yakan zama abin da aka fi so a cikinta shi ne tsarin ɗaukar ƙananan abubuwa. Tana kama saiti a kan abin da ke nesa da gilashinta da santimita ɗaya tak, ta yadda ƙwayar gero ko idon fara ko zaren saƙar hula zai cika allo. A irin wannan kusanci ɗan siririn yanki ne kawai ke fitowa da kaifi, don haka aka ba ta dabarar ɗaukar hotuna da yawa a jere, kowanne da saitinsa, ta haɗe su wuri guda domin abin ya fito sarai daga gaba har baya. Sharaɗin kawai shi ne kyamarar da abin ɗaukar su tsaya cik. Matsalar kusanci ita ce jikin kyamarar yana tare haske, shi ya sa ake sayar da wani zobe mai suna LG-1 da ke rarraba hasken fitilarta a kewayen ido. Shi tsarin ɗaukar ƙananan abubuwan yana aiki a cikin ruwa ma, kuma saboda shi ne ƙwararrun masu nutso da yawa ke riƙe da wannan ƙaramar kyamara. Malamin gona da ke son nuna ƙwaron da ya kama ganyen wake, ko ɗalibin kimiyyar halittu, zai ci moriyarsa ko bai taɓa shiga ruwa ba.

Rauninta a fili yake, kuma daga wuri ɗaya ya taso. Sensar da ke kama hasken ƙarama ce, kimanin milimita 6 a kwance da 4.5 a tsaye, ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba, kuma ta fi ta babbar kyamarar manyan wayoyin yau ƙanƙanta. Megafiksel 12 take ɗauka, wanda ba aibi ba ne, hasali ma da gangan aka rage shi daga 16 tun a TG-5 ta 2017 domin kowane ɗigo ya samu haske mai yawa, kuma ya isa a buga hoto mai girman takardar ofis. Aibin yana bayyana ne bayan magariba. Waya tana ɗaukar hotuna da dama cikin ƙiftawar ido ta haɗe su da lissafi ta fitar da hoton dare mai tsabta, ita kuwa TG-7 tana ba da hoto mai tsaki-tsaki da launi a kwance. Ko da rana ma, idan sama ta yi fari ƙal kuma inuwa ta yi duhu, waya ta fi ta iya haɗa biyun. Wanda zai kwatanta hoton cin abincin dare a otal na wayarsa da na wannan kyamara zai ɗauka an cuce shi. Haka kuma f/2.0 ɗin da aka yaba a mafi faɗin gani kawai yake, idan aka jawo zum har ƙarshe ya koma f/4.9. Ba ta da ramin leƙe, allon inci 3 ne kawai, kuma a tsakar ranar bakin teku sai an kare shi da tafin hannu kafin a ga abin da ake ɗauka. Yana da kyau a manna masa kariya tun ranar farko saboda yashi. Allon ba na taɓawa ba ne, wanda a ruwa alheri ne, amma maɓallan ƙanana ne, jerin zaɓuɓɓukan cikinta kuma yana da rassa da yawa, ya kamata mutum ya zauna da ita a gida ya saba kafin ranar tafiya. Ƙwararren mai hoto zai ji takaicin rashin cikakken tsarin sarrafa komai da hannu.

A fannin bidiyo tana ɗaukar 4K, tana kuma iya ɗaukar motsi a hankali, amma ba nan ne ƙarfinta yake ba. Wanda burinsa shi ne ya ɗaura kyamara a ƙirji ko a goshi ya hau babur ɗin ruwa, ƙananan kyamarorin bidiyo irin GoPro ko DJI Osmo Action ne nasa. GoPro tana shiga mita 10 ba tare da akwati ba, Osmo Action 4 tana kai mita 18, kuma dukansu sun fi TG-7 iya kwantar da girgiza nesa ba kusa ba. Abin da ba su da shi shi ne zum na gilashi da filasha da iya ɗaukar abu na kusa sosai, kuma faɗin ganinsu yana lanƙwasa fuska idan an matso. Zaɓin ya danganta da abin da mutum ke son ya dawo da shi gida, hotunan iyali da halittu ko bidiyon gudu.

Batirinta, LI-92B, an auna shi a kan hotuna kimanin 330, wanda ya ishi yini guda idan ba a yawaita bidiyo ba. TG-7 tana caji ta USB-C, don haka wayar cajin da ke hannun mutum da fawa bank sun wadatar a inda wuta ba ta tsayawa, kuma wannan shi ne babban abin da ta fi TG-6 da shi. Duk da haka batir na biyu da ɗan cajansa na waje sun cancanci kuɗinsu. A saman kyamarar akwai wani ɗan maɓalli da aka rubuta wa LOG, wanda idan aka kunna shi take ci gaba da rubuta inda ake da GPS, da tsayi ko zurfi, da zafin wuri, ko da an kashe ta. Abin sha'awa ne ga mai yawon daji, amma yana shan batir a ɓoye, kuma yana da sauƙin zamewa a cikin jaka. GPS da Wi-Fi ba sa aiki a ƙarƙashin ruwa, sai an fito ake tura hotuna zuwa waya ta manhajar kamfanin. Game da zafi, digiri 40 iyaka ce da Sakkwato da Maiduguri da Yamai ke wucewa a watan Afrilu, ballantana cikin motar da aka kulle a rana, inda roba ke saurin tsufa. Fitar da ita daga ɗaki mai sanyin na'ura kai tsaye zuwa iska mai laima kuma yana iya sa gilashi ya yi raɓa, ko da yake an yi mata gilashi mai ruɓi biyu domin rage hakan. Sannan ba ta yawo a saman ruwa. Idan ta kuɓuce sai ƙasa, kuma maɗaurin da ke zuwa da ita ba ya ɗaga ta, don haka maɗauri mai taso da kaya sama, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, shi ne abu na farko da za a haɗa da ita.

A cikin abokan gasarta, Pentax WG-8 ta 2024 ta fi ta zurfi, mita 20, ta fi ta tsawon zum, daga 28 zuwa 140, tana da fitilu shida a kewayen ido domin ɗaukar abu na kusa, kuma ta fito a kan kimanin dala 400. Megafiksel 20 ɗinta a kan sensa mai girma ɗaya da ta TG-7 ba riba ba ce a wurin da haske ya yi kaɗan, idonta ya tsaya a f/3.5, kuma ba ta da RAW. Ta fi dacewa da injiniya ko mai duba aikin gini da ke son kyamarar da za ta sha ƙura da siminti da ruwan sama. Ƙanwarta WG-90 tana kai mita 14 kuma ba ta ɗaukar 4K. Kodak Pixpro WPZ2 kuwa tana shiga mita 15 a kan ƙasa da dala 200, hotonta bai kai na wayar kirki ba, amma ita ce za a miƙa wa yara a wurin ninƙaya ba tare da zuciya ta tsinke ba, kuma ga iyalin da ruwa ke haɗa su sau ɗaya a shekara ba zaɓin banza ba ce. Jakar roba ta sa waya ita ce mafi araha, tana kuma aiki a wurin feshi, amma ban yarda a nutsar da waya mai tsada a teku bisa amanar zif ɗin leda ba.

Hukuncina shi ne TG-7 ta fi duk sauran ga mai son hoto a cikin ruwa mai haske da kuma na ƙananan halittu, kuma ga wanda aikinsa ko yawonsa ke kai shi cikin ƙura da laka da ruwan sama a kai a kai, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Ga wanda hutunsa bai wuce otal da kasuwa da ziyarar dangi ba, wayarsa ta fi masa, kuma kuɗinta a canjin yau ba kuɗin da za a ajiye a durowa ba ne. A lissafin kuɗin sai a ƙara katin ajiya da batir na biyu da maɗauri mai tasowa da kariyar allo, da kuma murfin ido LB-T01, tun da kyamarar ba ta zuwa da abin rufe gilashinta. Ba kaya ba ce da ake tararwa a kowane shagon waya, yawanci sai an yi odarta ko an ba matafiyi saƙo, don haka a tambayi mai sayarwa tun farko inda za a kai ta idan ta samu matsala cikin lokacin garanti. Wanda ya ci karo da TG-6 sabuwa a farashi mai rahusa ya ɗauka, domin ido ɗaya ne da sensa ɗaya, hoton ma ɗaya ne, ramin caji ne kawai na tsohon yayi. Ta hannu kuwa sai an yi hattara fiye da kowace irin kyamara: a buɗe ƙofofin biyu a haske a duba ko robar ta tsage ko ta bushe, a duba ƙananan ƙusoshin jiki da bakin batir ko akwai tsatsa ko farin gishiri, a danna kowane maɓalli a ji ko yana dawowa, a kuma leƙa cikin gilashin ido ko akwai tabon raɓa. Idan mai sayarwa ya yarda, a cire batir da kati, a kulle ƙofofin, a nutsar da ita a bokitin ruwa na 'yan mintoci a gabansa ana lura da ko kumfa na fitowa a jere daga wuri ɗaya, sannan a goge ta sosai a buɗe a duba cikin kafin a biya.